Wa ya haifi Mailoma? Ƙarshen Alewa Ƙasa da zamanin da ya fito

 Ga rubutaccen shirin wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, da kuma masu cewa sun fi gane abu in sun karanta da idonsu.

Yau littafi za mu ɗauko, amma tarihi za mu yi da shi. Littafin shi ne Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, mutumin Katsina, wanda aka buga a 1982. Yawancinku ba a haife ku ba a lokacin. Kai, ita kanta Jihar Jigawa ba a haife ta ba, sai bayan shekara tara, ranar 27 ga Agusta 1991, Janar Babangida ya yanke ta. A 1982 Dutse da Birnin Kudu da Jahun duk suna cikin tsohuwar Jihar Kano. Gwamna ɗaya gare mu da Kanawa, majalisa ɗaya, rediyo ɗaya. Ku riƙe wannan, don zai yi mana amfani a gaba.

Bari mu ɗan koma baya, mu ga irin littattafan da Bahaushe ya saba da su kafin wannan. A 1933 wani Bature, Rupert East, ya shirya gasar rubuta labarai a Zariya. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Littattafai ne masu daɗi, har gobe ana karanta su a makaranta. Amma in kun lura, yawancinsu duniyarsu ta da ce: tafiye-tafiye, sarakuna, aljanu, zamanin bayi. Mugu yana nan, amma mugu ne na takobi da tsafi. Ba ka ganin mugun da ke shiga mota, ya sha sigari, ya ba ɗan sanda cin hanci.

To, a 1980 sai Hukumar Al'adu ta Gwamnatin Tarayya ta shirya gasar rubutu a harsunan gida. Littattafan Hausa da suka yi fice aka buga su a 1982. A ciki akwai Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya zo na ɗaya, akwai Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello, akwai Zaɓi Naka na Munir Muhammad Katsina, sannan ga namu na yau. Waɗannan marubuta matasa ne, kuma Nijeriyar da ke gabansu suka kalla, ta kuɗin fetur da fasa-ƙwauri da bindiga. A cikinsu Ƙarshen Alewa Ƙasa shi ya fi kauri, shi ya fi jini, kuma shi manazarta suka fi kira littafin Hausa na farko mai irin wannan salo na bugun zuciya, wanda in ka fara ba ka ajiyewa sai ka ga abin da ya ture wa buzu naɗi.

A gajarce ga labarin. Akwai wani saurayi, Mailoma, Bamaguje daga wani ƙauye da marubucin ya kira Tsaunin Gwano. Ya bar ƙauye ya shiga birni, birni ya koya masa abin da yake koya wa wanda ya zo ba uba ba ubangida. Sannu a hankali ya zama shugaban gungun miyagu, masu harkar ƙwaya da makamai da kisa. A cikin mutanen da ya tara akwai tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin basasa, waɗanda suka iya bindiga amma ba su da abin yi. Ya yi ƙarfi, ya yi kuɗi, ana jin tsoronsa. Ƙarshensa kuwa, ba sai na ɓata muku karatu ba, sunan littafin ya riga ya faɗa muku.

Wani zai ce, to wannan ai labarin 'yan fashi ne, ina siyasa a ciki? Tambaya ce mai kyau. Mu a nan mun saba, in an ce siyasa sai mu hango fosta da jam'iyya da ranar zaɓe. Amma tushen siyasa shi ne wa ke da ikon riƙe makami a ƙasa, kuma wa yake yi wa aiki da shi. Ranar da wani mutum da ba a zaɓa ba, ba a naɗa ba, ya tara mayaƙa da bindigogi har hukuma ta kasa taɓa shi, ranar ya kafa ƙaramar gwamnati a cikin gwamnati. Wannan shi ne abin da Gagare ya zana, kuma ba daga kansa ya ƙago kayan aikin ba. Suna zube a gabansa.

Ku duba lissafin. Kafin yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, sojojin Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba. Da aka gama yaƙin a Janairun 1970, sun kai wajen 250,000. An kwashi samari daga ƙauyuka, aka koya musu harbi cikin 'yan makonni, aka tura su daji. Da yaƙi ya ƙare, sai tambaya ta taso: yaya za a yi da su? A riƙe su, albashinsu ya cinye baitulmali. A sallame su, ina za su? Makamai kuma sun bazu a hannun jama'a. Fashi da makami ya yi yawan da tun a 1970 gwamnatin Gowon ta kafa dokar kisa a kansa, aka riƙa ɗaure 'yan fashi a jikin durom ana harbe su a bainar jama'a. A Satumban 1971 dubban mutane suka taru a bakin teku a Legas don kallon harbin Ishola Oyenusi, ɗan fashin da ya fi suna a lokacin. An yi ta harbi, fashi bai tsaya ba. Ko a cikin bariki, maganar rage sojoji tana cikin abubuwan da suka jawo gunaguni a zamanin Janar Murtala, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976.

A gefe guda kuma ga kuɗin fetur. Farashin mai ya yi tashin gwauron zabi daga 1973, aka yi ƙarin albashin Udoji, ma'aikata suka karɓi ariyas suka cika kasuwa da sayen babur da rediyo. Noman gyaɗa, wanda shi ne abin da manomin ƙasar Kano da Dutse da Ringim ke samun kuɗi da shi, ya durƙushe bayan farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975. Dalar gyaɗa ta ɓace a Kano. Saurayin ƙauye ya duba gona ba komai, ya duba birni ya ga wanda bai fi shi ƙarfi ko hankali ba ya yi kuɗi dare ɗaya da takardar kwangila. Me kuke zato zai yi? Cirani da ake zuwa a dawo da damina, sai ya zama tafiyar da ba dawowa. Wannan saurayin shi ne Mailoma kafin ya zama Mailoma.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin littafin nan. Gasar a 1980 aka yi ta, bugu kuma sai 1982. A tsakanin waɗannan shekaru biyu, tsohuwar Jihar Kano ta ga abubuwa biyu da suka fi ƙarfin alƙalamin kowane marubuci.

Na farko, rikicin Maitatsine a Disambar 1980. Muhammadu Marwa ya tara mabiya a unguwar 'Yan Awaki, da yawansu samari ne da suka baro ƙauyuka. 'Yan sanda suka kasa, sai da aka kawo soja. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 4,177 suka mutu. Mutum ɗaya, da yaran da ba wanda ya damu da su, ya tsayar da birnin Kano cik na kwana da kwanaki.

Na biyu ya fi kusa da mu, don sunan Dutse na ciki. A 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Jihar Kano, Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna. Ya soke haraji da jangali, abin da talakan ƙauye bai manta ba har yau. Ba a jima ba jam'iyyar ta rabe biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo. Sule Lamido, wanda a lokacin yake wakiltar Birnin Kudu a Majalisar Wakilai, yana ɓangaren santsi tare da Rimi. A 1981 Rimi ya ƙirƙiro sababbin masarautu daga cikin masarautar Kano, ciki har da Dutse da Gaya da Rano. Ga mutanen Dutse, wannan ɗaukaka ce da aka daɗe ana jira. Ga wasu a birnin Kano, rage wa Sarki daraja ne. Ranar 7 ga Yuli 1981 gwamnati ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero takardar tuhuma. Ranar 10 ga wata gari ya kama da wuta. Gungun mutane ɗauke da makamai suka ƙona gine-ginen gwamnati, har da gidan Rediyon Kano, suka je gidan Dakta Bala Muhammad, malamin jami'a kuma mai ba gwamna shawara kan siyasa, suka kashe shi.

Ba wannan shiri ne zai yanke hukuncin wa ya yi daidai tsakanin gwamna da fada ba, dattawanmu har yau suna musu a kai. Abin da nake so ku kalla shi ne hannayen da suka riƙe fetur da adda a ranar. Ba manyan da ke rigimar ba ne suka fito titi. 'Ya'yan talakawa ne. Kuma me ya biyo baya? A 1983 Sabo Bakin Zuwo ya ci zaɓe, ya rushe sababbin masarautun, Dutse ta koma ƙarƙashin Kano, sai bayan an ƙirƙiro Jigawa ta dawo da matsayinta. Bayan wata uku da rantsar da shi, ranar 31 ga Disamba 1983, soja suka kifar da kowa da kowa, santsi da taɓo da NPN, aka kwashi 'yan siyasa da yawa aka tsare, har da Rimi da Bakin Zuwo. Wanda aka kashe dai an kashe shi. Yaran da aka yi amfani da su kuwa, ko sunansu tarihi bai riƙe ba.

Irin wannan ya taɓa faruwa da Chinua Achebe. Littafinsa A Man of the People, labarin wani minista mai ci da rabawa, ya ƙare da juyin mulkin soja, kuma ya fito a Janairun 1966, daidai lokacin da aka yi juyin mulkin farko, wanda aka kashe Sardauna da Tafawa Balewa. Har wasu suka zargi Achebe da sanin shirin. Ba duba ya yi ba, ba kuma Gagare ne ya yi duba ba. Marubucin da ya kalli jama'arsa da kyau, yana ganin hadari tun kafin a ji tsawa.

To mu zo kan darasin littafin, wanda shi ne ainihin abin da ya tara mu. Ni abubuwa uku nake gani.

Na farko yana cikin sunan. Bahaushe bai ce ƙarshen maɗaci ƙasa ba, alewa ya ce. Wato an yarda abin yana da zaƙi. Wannan gaskiya ce da masu wa'azi da iyaye kan tsallake in suna yi wa matasa faɗa. Rayuwar Mailoma tana da abin sha'awa: yaron da ba kowa ba, yau ana jin sunansa ana rawar jiki. Mai karatu ma, in zai faɗi gaskiya, akwai inda yake jin yana so Mailoma ya tsallake tarko. Littafin yana barin ka ka ɗanɗani alewar, sannan ya nuna maka inda take faɗuwa. Shi ya sa ya fi nasiha shiga jiki. Wanda aka ce masa abu ba daɗi, ya taɓa ya ji da daɗi, ya daina yarda da mai faɗa masa. Wanda aka ce masa da daɗi amma ga farashinsa, shi ne zai tsaya ya yi lissafi.

Na biyu shi ne zaɓen da marubucin ya yi na mai da jaruminsa Bamaguje. Wannan ya ba shi damar shigo da al'adun Maguzawa cikin labari, abin da ba a saba gani ba a littattafan Hausa na lokacin. Amma akwai tarko a nan ga mai karatu. Yana da sauƙi mutum ya rufe littafin ya ce, ai dama ba namu ba ne, rashin addini ne ya kai shi. In ka karanta shi haka, ka zalunci Maguzawa, waɗanda maƙwabtansu suka san su da noma da riƙon amana, kuma ka yaudari kanka. Maganin wannan tarko shi ne ka haɗa shi da ɗan'uwansa da suka fito shekara ɗaya, Turmin Danya. A can mugun ba daga bayan dutse ya fito ba. Alhaji Gabatari ne, attajiri mai faɗa a ji a gari, wanda dukiyarsa ta fasa-ƙwauri ce, yana sayen ma'aikata kamar yadda ake sayen goro. Ɗaya yaron ƙauye ne da bindiga, ɗaya babban mutum ne da babbar riga. In ka ajiye su gefe da gefe, ƙofar gudu ta rufe. Ba ƙabila ba ce, ba sunan addinin da mutum ke amsawa ba ne. Kuma ɗayansu ba ya rayuwa sai da irin ɗayan: mai kuɗin haram yana bukatar mai tsare masa, mai bindiga yana bukatar mai saye.

Na uku shi ne inda nake ganin ya kamata mu yi wa irin waɗannan littattafai gardama. A ƙarshensu mugu yakan gamu da sakamakonsa, mai karatu ya yi ajiyar zuciya ya ce alhaki kwikwiyo. Daidai ne. Amma in Mailoma ya faɗi, abin da ya haife shi ya faɗi? Wanda ya sayar masa da bindiga fa? Jami'in da ya karɓi na goro ya kau da kai fa? Masu sayen ƙwayarsa fa? Garin da ya ga yaro ya dawo da kuɗin da ba a san tushensu ba, aka tashi aka ba shi wurin zama a gaba fa? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Labari dole ya ƙare a shafi na ƙarshe, shi ya sa yake kashe mutum ɗaya ya rufe. Tarihi ba ya rufewa. An harbe Oyenusi a 1971, a 1987 aka harbe Lawrence Anini a Benin, kuma a shari'arsa aka gano akwai babban ɗan sanda da ke taimaka wa gungunsa. Mutum ake kashewa, gurbin yana nan yana jiran wani.

Ku dubo zamaninmu. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalaben kodin kusan miliyan uku a kullum a jihohin Kano da Jigawa. A 2018, bayan wani binciken BBC, gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Wannan kaya ba yaron da ke kwance a kango ne ke ƙera shi ba, ba shi ke loda shi a mota ba, ba shi ke buɗe masa hanya ba. A Zamfara da Katsina da Sakkwato kuwa, yau akwai mutanen da ke zaune a daji da mayaƙansu, suna sa wa ƙauyuka haraji, suna ba da izinin noma ko su hana. Abin da aka karanta a 1982 a matsayin ƙagaggen labari, yau a labaran ƙarfe bakwai ake jin sa. Jigawa Allah Ya rufa mana asiri, muna cikin jihohin da suka fi zaman lafiya a Arewa. Amma Katsinar da Gagare ya fito daga cikinta ma lafiya lau take a lokacin.

Saboda haka ga abin da nake so matashin Dutse ko Kiyawa ko Jahun ya ɗauka. Duk lokacin da zaɓe ya matso, akwai wanda zai zo da mota da 'yan dubbai da abin da ke gusar da hankali, ya ce a raka shi taro, a tare wa abokin hamayya hanya. A ranar za ka ji kai wani ne. Ka tuna da yaran 10 ga Yuli 1981. Manyan da aka yi rigimar dominsu, da yawansu sun shirya daga baya, sun zauna inuwa ɗaya, sun haɗa jam'iyya. Wanda ya riƙe addar shi aka bari da abin da hannunsa ya aikata. Mu kuma sauran jama'a, masu tafi da masu shiru, tambayarmu ta fi tasa nauyi: wa muke girmamawa a unguwa, kuma mun taɓa tambayar ina ya samo?

In kun samu littafin a wajen masu sayar da tsofaffin littattafai, ko a laburaren jami'a, ku karanta shi, ku haɗa da Turmin Danya. Ku tambayi iyayenku da kakanninku inda suke a Yulin 1981, da yadda Dutse ta ji ranar da aka ba ta sarki da ranar da aka karɓe. Za ku ji labarin da ba a rubuta ba tukuna, wataƙila ma wani a cikinku ne zai rubuta shi.

Ku gaya mana ra'ayinku: a ganinku wa ya fi laifi, Mailoma ko garin da ya rene shi? Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.